Ranar da Malam Ya Ajiye Ni a Bab Makka

Shekara talatin da ɗaya muka yi da Malam bai taɓa kai ni bakin teku ba. Daga gidanmu na unguwar Zahir a Makka zuwa Jidda tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, kuma hanyar nan ita ce sana'arsa. Ya ɗauko baƙi daga filin jirgi, ya kawo su Makka, ya yi musu jagora su yi umra, ya mayar da su. Wata ran sau biyu yake zuwa. Ni kuwa in ka gan ni a Jidda, ko asibiti ne ko gaisuwar mutuwa, teku sai dai in hango shi ta gilashin mota, wani shuɗin abu can bayan gine-gine, kafin in gyara zama ya ɓace. In na yi magana sai ya ce, "Bayan Hajji, in sha Allahu." Ana gama Hajji umra ta buɗe. Ana cikin umra azumi ya zo.

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife ni, a kan dutse, inda ruwan sha ma sai an hau da shi. Mahaifiyata tana da shekara bakwai ta sauka a Jidda daga jirgin ruwa tare da iyayenta, bayan doguwar tafiyar ƙasa daga Kano ta Chadi da Sudan. Har ta rasu tana ba mu labarin ruwan nan, yadda ta yi ta amai, yadda gishiri ya bushe mata a leɓe, yadda wani kifi ya yi tsalle kusa da ita ta ƙwala ihu. Na tashi da wannan labarin a kunnena, ga tekun nan kusa, amma ƙafata ba ta taɓa shi ba har na yi jika.

'Yata ta fari, wadda take aikin jinya, ita ta gaji da jin ƙorafina. Ta saya mana tikiti biyu, ni da babanta, na irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa da suka fara tashi daga Jidda, ana kwana a ciki, ana ci a ciki, kwana uku a kan Bahar Maliya a dawo. Tun saura wata biyu ta zaunar da shi ta gaya masa ranar. A gabana ya ce ya ji, ya ce ba zai karɓi aikin kowa ba a makon. Ta ce, "Baba, ka yi alkawari?" Ya ce, "Na yi."

Na yi sati ina shirya akwati. Sabuwar abaya, riguna biyu na atamfa da ƙanwata ta ɗinka mini, takalmi mai laushi saboda gwiwata, turare, maganin hawan jinina, da kayan Malam a gefe guda na goge su da kaina. Ba zan ɓoye ba, na yi murna kamar yarinya. Har lalle na sa.

An ce za a rufe ƙofar shiga jirgi ƙarfe huɗu na yamma. Malam da kansa ya ce mu yi sammako, tunda an samu rana, ya nuna mini tsohon garin Jidda da ake kira Balad, mu ci kifi, sannan mu wuce tasha. Muka bar Makka bayan karin kumallo. Lokacin sanyi ne, rana ba ta da zafi, yana tuƙi yana ba ni labarin duwatsun hanya kamar baƙuwa ya ɗauko. Na bar shi ya yi, don daɗin jin sa nake.

Muna shiga Jidda wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, na ga ya gyara zama. Tun kafin ya buɗe baki na san abin da ke tafe, domin na san muryar da yake amsa manyan mutane da ita.

"Ranka ya daɗe. Na'am. Yaushe? Yanzu? Ikon Allah. A'a, ba komai. Ba komai wallahi. Ina ma cikin Jiddan."

Ina ma cikin Jiddan. Shi ya ba da kansa, ba a tambaye shi ba.

Ya ajiye wayar. Sai da muka wuce fitilar hanya biyu ya ce wani babban mutum ne daga gida, tsohon baƙonsa na shekara da shekaru, ya sauka da iyalinsa ba sanarwa, motar da aka shirya musu ba ta zo ba, suna tsaye a filin jirgi da harami a jikinsu.

Na ce, "Motar haya ta ƙare a Jidda?"

"Hajiya, ba irin mutumin da za a ce ya hau motar haya ba ne."

"Ni ce irin wadda za a ajiye a titi."

"Wa ya ce titi? Awa uku ne kawai. In kai su masauki in juyo. Kafin azahar ina nan. Ki zauna a inuwa ki sha shayi."

"Malam, ka yi wa yarinyar nan alkawari."

"Kuma zan cika. Jirgi sai ƙarfe huɗu."

Ya tsaya a Bab Makka, tsohuwar ƙofar garin da take kallon hanyar garinmu, ya nuna mini wani wurin shan shayi da haɓarsa. Motocin baya suna ta danna masa ham. Na fito da jakar hannuna, ban ce masa a dawo lafiya ba. Ina kallon motar ta shige cikin sauran motoci, ta yi kwana, ta ɓace, sannan na tuna akwatina yana bayanta.

Na kira shi nan take. Ya ce, "To ai ina dawowa da shi. Me za ki yi da akwati a kasuwa?"

Na tsaya a wurin. Mace mai shekara hamsin da huɗu, da lalle a hannu, tsaye a gefen titi kamar kayan da aka sauke ba a zo ɗauka ba. Na je wurin shayin da ya nuna mini, na ga maza ne zalla a ciki, ko wannan bai duba ba. Na zauna a kan wani dakali kusa da masu sayar da dabino na kusan awa guda, ina tsara maganganun da zan gaya masa, ina rushewa, ina sake tsarawa. Can sai na ji haushin kaina ya fi na Malam. Ya ce in zauna, ga ni na zauna. Na miƙe na shiga cikin garin.

Ban san hanya ba, na dai bi inda mutane suke bi. Lunguna ne ƙanana, iskar wurin da danshi da ɗan ƙarni, ba irin busasshiyar iskarmu ta Makka ba. Gidajen dogaye, hawa huɗu hawa biyar, da tagogin katako masu sassaƙa sun turo kai waje, wasu kore wasu ruwan ƙasa. An gyara waɗansu sun yi fes, waɗansu kuwa an tokare su da ƙarafa kada su faɗi. Na kai hannu na taɓa bangon wani, sai na ga dutsen duk ƙananan ramuka ne, har da ɓawon wani abin ruwa a manne a ciki. Daga teku aka ciro duwatsun da aka gina su. Kyanwoyi ko'ina, suna kwance a bakin ƙofofi ba sa ko motsawa in ka zo wucewa.

Wurin yana da kyau, kuma kyansa ƙara mini fushi ya yi. Duk abin da na gani sai in ce, wannan yana nan duk shekarun nan. Malam ya san da shi. Sau nawa ya kawo matan wasu nan, ya tsaya yana riƙe musu jaka suna ɗaukar hoto? Na tuna wata hajiya da ta taɓa yi mini godiya a falona, ta ce mijina mutumin kirki ne, ya zaga da su tsohuwar Jidda har ya saya musu alewa. A lokacin murmushi na yi na ce mata haka yake. Yanzu ga ni a gaban mai alewar, ban san ko shi ne ba, na wuce ban kalle shi sau biyu ba.

Aka kira azahar, na bi wasu mata na shiga wani tsohon masallaci mai farar hasumiya na yi salla. Da na fito na duba waya, babu kira. Na kira shi.

A bayan muryarsa na ji hayaniyar da ba zan taɓa kasa ganewa ba, ta harabar Harami.

"Malam, kana ina?"

"Hajiya, wata 'yar matsala ce. Mahaifiyarsa tana tare da su, tsohuwa ce ƙwarai, a keke take. Ya ce ba ya son kowa ya tura ta sai ni."

"Ɗawafi kake yi?"

"Yanzu za mu fara. Babu cunkoso, wallahi babu. Muna gama sa'ayi zan kamo hanya."

"Shi ɗan nata hannunsa ya karye?"

"Subhanallahi. Hajiya, a Harami nake."

"Na san inda kake. Ni ka san inda nake?"

Na ji wani yana kiransa daga gefe, na ji ya ce na'am ranka ya daɗe, wayar ta mutu.

Na san ɗawafi da sa'ayi da tsohuwa a keke, an haife ni ina ganinsu. Na san akwai aski bayan nan, akwai rakiya zuwa masauki, akwai zauna ka ci abinci. Na lissafa a raina na ga ko da ya zo, da ƙyar. Kuma in bai zo ba, ba ni da ko ɗankwalin canji. Sai na juya na nufi kasuwa, tun ban yanke shawarar komai ba.

Yawancin kantuna sun rufe don hutun rana. Na samu kantin magani a buɗe a bakin babban titi, na nuna hoton kwalin maganina a waya aka ba ni. Daga nan na koma cikin kasuwa na tarar da wani kantin kayan mata da bai ja ƙofarsa ba. Mai kantin yana zaune yana kallon waya. Na zaɓi doguwar riga biyu, da mayafi, da silifa. Na ɗaga wata rigar mai ɗan ado a wuya ina dubawa, sai ya ɗago ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya yi mini magana da irin karyayyen Larabcin nan da ake yi wa wanda ake ganin ba ya ji.

"Wannan tsada. Madam ta aiko ke? Madam girma nawa?"

Wato uwar ɗakina. Ya ga baƙar mace ita kaɗai da rana tsaka, ya gama yanke hukunci cewa 'yar aiki ce aka aiko.

Ba yau na fara jin irin wannan ba. Na ji a asibiti, na ji a makarantar yarana, kuma kullum nakan haɗiye in wuce. Ranar nan ban haɗiye ba. Na ajiye rigar a kan teburinsa na buɗe masa Larabcin Makka, na cikin unguwa, wanda na sha da nono. Na ce masa a Makka aka yanke mini cibiya, a Makka aka binne uwata da ubana. Na ce kakana ya sauka a garin nan tun kafin a san za a yi kantin da yake zaune a ciki. Na ce ya buɗe baki ya yi mini magana kamar mutum, ko kuwa shi ne Larabcin bai ishe shi ba? Muryata ta tashi har mai kantin da ke kallonsa ya leƙo.

Mutumin ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi ja. "Ki yi haƙuri, ya hala. Wallahi ban nufi komai ba. Haƙƙinki a kaina."

Yanzu na zama hala, na zama gwaggo. Ya ce in ɗauki mayafin kyauta, na ce ba na so. Na biya kayana, har da rigar mai adon da ban ma yi niyyar saya ba, ya zuba mini a wata baƙar leda. Na fito. Rabin abin da na zazzage masa nasa ne, ya ci. Sauran rabin na wani ne da ke tura keke a Makka.

Yunwa ta kama ni. Na tare motar haya na ce a kai ni kasuwar kifi, tunda an yi mini alkawarin kifi. Tafiyar ba nisa. Tun daga ƙofa ƙarni ya tare ni, ƙasa duk ruwa, na tattare abayata da hannu ɗaya. Kasuwar ta fara watsewa, amma akwai sauran kaya a kan ƙanƙara, kifaye ja masu ɗigo-ɗigo, wasu kore da shuɗi kamar an yi musu fenti, jatan lande, ƙaguwa da aka ɗaure wa hannu. Ban san sunan ko ɗaya ba. Na nuna wani ja, aka auna, aka kai wa masu gyara suka kankare shi, aka nuna mini inda ake soyawa. Na zauna ni kaɗai a tebur da kifi da jar shinkafa. Tunda nake ban taɓa cin abinci a waje ni kaɗai ba. Na ɗauka kowa zai zuba mini ido, ba wanda ya kula. Na cinye kifin nan tas, har kan.

A bayan kasuwar ne na fara ganin teku kusa. Ba irin wanda na zana a raina ba ne. Ruwan wurin ya yi duhu, ƙananan jiragen masunta suna ɗaure suna gogar juna, roba da ɓawon lemo suna yawo a gefe. Amma yana motsi, yana ɗagawa yana sauka kamar mai numfashi, kuma can nesa na hango ƙarafan ɗaga kaya na tasha, da wani farin abu mai tsayin bene goma. Sai da na daɗe ina kallo na gane jirginmu ne.

A nan na ji Hausa. Wata tsohuwa ce zaune a jikin katanga da faranti a gabanta, gyaɗa soyayya a ƙulle a ƙananan leda, tana korar kyanwa tana zaginta da harshenmu. Na gaishe ta, ta ɗago da murna, ta matsa mini a kan kwalinta. Ta ce shekararta arba'in a Jidda, unguwar da ta zauna an share ta, yanzu tana wajen jikarta can bayan gari. Ta ga lallen hannuna da ledar kaya ta tambaye ni ko biki za ni. Ban san lokacin da na kwashe komai na gaya mata ba, tun daga tikiti har akwati.

Na ɗauka za ta taya ni. Sai ta gyara ɗankwali ta ce, "To ke 'yata, ai nema ya tafi. Da wannan aikin ya ciyar da ke, ya yi wa yaranki karatu. Babban mutum ya kira shi, ya ce a'a? Gobe wa zai kira shi?"

Na ce, "Inna, rana ɗaya. Rana ɗaya a shekara talatin da ɗaya."

"Ki gode Allah naki yana fita nema. Ki zauna nan ki jira shi, in ya zo ku koma gida. Ruwa ne fa kawai. Ni kullum ina ganinsa, me ya ƙara mini?"

"Ban ce bai ciyar da ni ba! Ni ma ban kwanta ba. Wa yake dafa wa baƙin nasa tuwo in sun gaji da shinkafa? Wa yake wanke haramin da suke bari? Wa ya riƙe gidan duk lokacin Hajji, yana Mina yana Muzdalifa, sati biyu ba mu gan shi ba? Ni ba a taɓa ce mini ranki ya daɗe ba, shi ya sa?"

Sai na lura tsawa nake yi wa tsohuwar da ba ta yi mini komai ba, har wani mai wankin kifi ya tsaya yana kallonmu. Ta koma gyara ƙullin gyaɗarta. Na ji kunya, amma ban janye maganata ba. Akwai gaskiya a abin da ta faɗa, na sani, gaskiyar da ni kaina na yi ta gaya wa kaina shekara da shekaru har na tsufa a kanta. Shi ya sa ta yi mini zafi. Na sayi gyaɗa ƙulli biyar, na ce ta yafe mini ɗaga murya. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarki." Ban ce amin da ƙarfi ba.

Ƙarfe uku saura na isa tashar fasinja. Babban zaure ne mai sanyi, iyalai da akwatuna masu taya, yara suna guje-guje, ma'aurata sababbi suna ɗaukar hoto. Ni da baƙar leda. Na zauna a kujerar da take kallon ƙofa. Duk da abin da na faɗa wa tsohuwar, ƙofar nake kallo.

'Yata ta kira daga wurin aiki, tana tambaya ko mun shiga, ɗakin ya yi kyau? Na gaya mata. Sai ta ce, "Ummi, fasfonki yana jakarki?" Na ce yana nan. Ta ce tikitina daban yake da nasa, ta turo mini a waya tun jiya. Ba ta ce in shiga ba, ba ta ce kada in shiga ba. Ta ce, "Bari in kira shi." Na ce kada ta kuskura, ba aikinta ba ne.

Uku da rabi ya kira da kansa. Na ji ƙarar hanya.

"Hajiya, ga ni na fito. Yanzu na bar Makka."

"Yanzu."

"Sun tsare ni da abinci, ba yadda zan yi. Ki roƙe su su ɗan jira."

"Jirgin ruwa ne, Malam. Ba matarka ba ce."

Ya yi ajiyar zuciya. "To shi ke nan. Allah bai nufa ba. Ki zauna inda kike, in zo mu koma gida. Za a sake wani, ni da kaina zan saya, bayan..."

"Bayan me?"

Bai ƙarasa ba.

Na ce, "Allah ya nufa. Kai ne ba ka nufa ba. Akwai miya a firji, ta kwana biyu ce. Ta ukun ka nemi babban mutum ya ba ka."

"Hajiya, ke kaɗai? Me mutane za su ce?"

"Tun safe ni kaɗai nake. Ba ka tambayi abin da za su ce ba."

Na kashe wayar gaba ɗaya na jefa ta cikin jaka. Na shiga layi. Yarinyar da take duba takardu ta kalli na'urarta ta ce, "Mutum biyu ne a ɗakin. Ina na biyun?" Na ce bai zo ba. Ta ce, "Kayanki fa?" Na ɗaga mata ledar. Ta kalle ta, ta kalle ni, ta buga hatimi ta ce a sauka lafiya.

Ɗakin yana da gado biyu, tawul biyu, kofi biyu. Na zauna a bakin gado ɗaya na yi kuka, ba na baƙin ciki ba, irin kukan da yake zuwa in fushi ya rasa inda zai bi. Da jirgin ya yi wata irin ƙara mai shiga ciki, na wanke fuska na hau sama. Ana kiran magariba a cikin gari muka fara janyewa. Jidda ta yi ta ja da baya, ruwan ya tashi daga duhu ya koma shuɗi sosai, iska tana finciko mayafina. Na lasa leɓena na ji gishiri. Na yi wa mahaifiyata addu'a a nan tsaye.

Ba zan ce kwana ukun nan sun wanke mini zuciya ba. Rigunan da na saya ɗaya ta yi mini yawa, ɗaya ta matse ni a hannu, silifan ya yi mini kanta. A wurin cin abinci kullum sai an tambaye ni ko ina jiran wani. Na ga kifaye suna tsalle a gefen jirgi da safe, na juya in nuna wa wani, babu kowa, haushi ya dawo sabo. Amma ban yi amai ba ko sau ɗaya, na yi barci kamar an ɗauke ni, kuma na yi awoyi a zaune ina kallon ruwa ba wanda ya kira ni in kawo shayi.

Da muka dawo ban gaya masa lokacin sauka ba. Na hau jirgin ƙasa zuwa Makka, na wuce gidan ƙanwata na kwana biyu. A rana ta uku ya zo da yayana, aka zauna a falo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi kuskure, amma..." Na ce ya tsaya a nan, in ya ƙara kalma ɗaya bayan amma ba zan koma ba. Ya tsaya. Yayana ya yi ta kallon silin. Da yamma na bi shi gida, ban yi masa magana a mota ba, kuma na fi wata ina ba shi amsa da i ko a'a.

Bayan sati biyu ya shigo da wata leda mai ƙyalli ya ajiye a gabana a hankali. Ya ce matar babban mutumin ce ta aiko mini, ta ji abin da ya faru, ta ce a ba ni haƙuri. Leshi ne mai tsada, ruwan zuma, yadi biyar. Malam yana tsaye yana jiran in yaba. Na warware shi, na duba, na ninka shi biyu, na je na lulluɓe injin wanki da shi saboda ƙura. Har yau a nan yake, gefe ɗaya ya fara koɗewa saboda ranar da take shigowa ta taga.